Wa zai biya ɗan jagora?

Akwai wani yaro da nake gani kusan kullum a makarantarmu, alhali ko sakandare bai gama ba. Shekarunsa ba za su wuce 14 ba. Shi ne ke turo keken yayansa, wanda muke aji ɗaya da shi, tun daga bakin titi har ƙofar ɗakin lakca. Idan a bene za a yi lakcar, sai ya tsaya a gindin matattakala yana raba ido har a samu maza huɗu su ɗaga yayan da kekensa su hau da shi. Daga nan sai ya nemi inuwa ya zauna, awa biyu, awa uku, wani lokacin har la'asar. Ran nan na tambaye shi, "Kai ba ka zuwa makaranta ne?" Ya ce, "Ina zuwa mana, ranar da Yaya ba shi da lakca." Mu kuma daga Litinin zuwa Alhamis a cike muke. Ka yi lissafin da kanka.

Yayan ya fi kowa jin ciwon abin. Ba zan kama sunansa ba, amma ya yarda in faɗi wannan: ranar da yake da lakca ba ya shan ruwa da safe, ko da a zafin watan Afrilu ne, don kada fitsari ya kama shi ya rasa mai shiga da shi banɗaki. Ya ce min abin da ya fi gajiyar da shi a rayuwa shi ne godiya. Ya gode wa wanda ya ɗaga shi, ya gode wa wanda ya sauko da shi, ya gode wa wanda ya zo a makare, ya haɗiye fushinsa ya gode wa wanda ya manta da shi a sama har aka kulle gini. "Wanda yake maka alfarma," in ji shi, "ba ka da bakin da za ka ce masa ya yi ba daidai ba."

A kan wannan maganar tasa nake so mu tsaya yau. Ra'ayin wannan shafi shi ne, taimakon da mai buƙata ta musamman yake nema don ya tashi, ya yi wanka, ya fita, ya yi karatu, ya nemi na kansa, aiki ne kamar kowane aiki, kuma lokaci ya yi da gwamnati za ta sa kuɗin biyansa a kasafi. Kuɗin kuma ya bi ta hannun mai lalurar, shi zai zaɓi wanda zai taimaka masa, shi zai ce masa ƙarfe nawa, shi zai sallame shi in bai yi masa ba.

Mu da muke kwana a soshiyal midiya mun san yadda ake yi. Ɗan siyasa ya sayo kekunan guragu hamsin, a jera su a fili, a ɗaura musu kyalle, a kira masu kyamara. Ko kuma wani mai yin bidiyo ya samu wata baiwar Allah da ke kwance shekara da shekaru, ya ɗora ta a TikTok da waƙar ban tausayi a ƙasa, a zuba lambar asusu, a tara kuɗi cikin kwana uku. Ban raina ko ɗaya ba, wallahi akwai waɗanda wannan ya fitar daga ƙangi. Amma bayan mako biyu bidiyon ya nutse, mun koma kan rigimar 'yan fim. Keken yana nan a zaure, kuma keke ba ya tura kansa a cikin yashin unguwa, ba ya tsallake kwata, ba ya ɗaga mutum daga katifa. Tambayar da ba a yi a gaban kyamara ita ce: gobe da asuba wa zai zo?

Amsar da muka saba bayarwa ita ce 'yan uwa. In ka buɗe kalmar nan "'yan uwa" ka leƙa ciki, yawanci uwa za ka tarar wadda ta bar sana'arta, ko ƙanwa da aka ce ta haƙura da makaranta tukuna, ko yaro irin wanda na fara da labarinsa. Mu Hausawa har suna muka ba wannan aiki: ɗan jagora. Kowa ya san hoton. Dattijo makaho a bakin danja, hannunsa a kafaɗar yaro ɗan shekara takwas ko yarinya da ɗan kwano. Muna miƙa ashirin ko hamsin mu wuce, mun samu lada. Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya ce yaron nan fa ma'aikaci ne na cikakken lokaci, ba albashi, ba hutu, ba aji. Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu a arewa suke. Idan ana lissafa dalilai sai a ce talauci, a ce rashin tsaro, a ce almajiranci. Ɗan jagora ba ya shiga lissafin, alhali ga shi nan a kowace mararraba. Don haka duk wanda ya ce min tsarinmu na yanzu kyauta ne, sai in ce masa akwai mai biya, yaro ne, kuma da shekarun karatunsa yake biya.

Ra'ayin a biya mataimaki ba daga ofishin wata gwamnati ya fito ba. Masu lalurar ne da kansu suka ƙwato shi, kuma labarin ya fi ƙarfi a wurare biyu da ya kamata mu sani.

Na farko a Amurka. Wani saurayi mai suna Ed Roberts ya kamu da shan inna a 1953 yana ɗan shekara 14, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, yana kwana cikin wata ƙatuwar na'ura mai kama da tanki da ke taya shi numfashi. A 1962 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley bayan an kai ruwa rana, kuma da yake babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki na'urar tasa, a asibitin jami'a aka ba shi ɗaki. Abin da ya sa karatun ya yiwu shi ne kuɗin jiha da yake biyan mataimaka da su, waɗanda shi yake ɗauka, shi yake koya musu yadda yake so a riƙe shi. Wasu ɗalibai masu irin lalurarsa suka biyo sahu, suka haɗa kai, har a 1972 aka buɗe cibiyar rayuwar dogaro da kai ta farko a Berkeley, wadda masu lalura ne ke tafiyar da ita. Abin dariyar shi ne, hukumar jihar da ta taɓa yanke hukuncin cewa lalurar Roberts ta yi tsananin da ba zai iya aiki ba, daga baya shi aka naɗa shugabanta.

Na biyu a Suwidin. Adolf Ratzka, Bajamushe ne da shi ma shan inna ta kama yana matashi, ya yi karatu a Kalifoniya ya ga yadda ake yi, sannan ya koma Suwidin da zama. Abin da ya tarar a can ya isa ya ba mu darasi, domin Suwidin ƙasa ce mai kuɗi mai kula da jama'arta, tana da ma'aikatan da ƙaramar hukuma ke turawa gida-gida. Amma hukuma ce ke zaɓar wanda zai zo, da lokacin da zai zo, da abin da zai yi. Yau wannan fuska, gobe waccan. In ma'aikaci ya ce ƙarfe takwas za a kwantar da kai, to ƙarfe takwas za ka kwanta, ko kana da baƙi. Ratzka da abokansa suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna STIL a Stockholm a shekarun 1980, suka ce a ba su kuɗin da ake kashewa a kansu su ɗauki mutanensu. Gwajin ya yi kyau, har ya zama doka da ta fara aiki a 1994. A tsarin, ana duba mutum a ƙididdige awa nawa yake buƙatar taimako a mako. In buƙatunsa na tilas, irin su wanka, sa kaya, cin abinci da magana da mutane, sun wuce awa 20 a mako, hukumar inshorar jama'a ta ƙasa ce ke ɗaukar nauyin abin da ya haura, ƙaramar hukuma ta biya awa 20 ɗin farko. Mutum yana iya zama shi ne uban gidan mataimakansa kai tsaye, ko ya shiga ƙungiya, ko ya ba kamfani, ko ya bar wa ƙaramar hukuma. Har ɗan uwansa yana iya ɗauka aiki, a biya shi.

Kada in yi muku daɗin baki, ko a can abin bai zauna lafiya ba. Kuɗin ya yi ta hawa, an kama masu damfara da awannin ƙarya, kotuna suka yi ta ƙuntata ma'anar "buƙata ta tilas", mutane da dama suka rasa awanninsu. A Birtaniya ma asusun da aka kafa a 1988 don irin wannan aiki, gwamnati ta rufe shi a 2015 duk da zanga-zangar da masu keke suka yi a Landan, sai Sikotland ta buɗe nata ta ci gaba. Wato ko a inda aka samu, sai an tsare shi kullum.

Na san abin da wani yake shirin rubutawa a ƙasan wannan rubutu: "Malam, Suwidin kake kawo mana? Mu da ko albashin malaman firamare ba a gama biya ba?" Gaskiyarka, kuma ba cewa na yi mu kwafo nasu ba. Amma akwai na kusa da mu. Afirka ta Kudu tana da ƙarin kuɗi da take ɗorawa kan alawus ɗin tsoho ko mai lalura idan ya kai matsayin da sai da mai kula da shi kullum. Kenya tana biyan gidajen da ke da mai lalura mai tsanani shilin 2,000 a wata. Kuɗin kaɗan ne, su kansu suna kuka da shi, amma an rubuta a takarda cewa kulawa tana da farashi. A nan gida, Jigawa ta fara ba masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata a 2007, a zamanin Sule Lamido. Hukumar JAMB, a shirinta na makafi masu rubuta jarrabawa, tana ɗaukar nauyin masauki da abincin ɗalibi tare da wanda ya rako shi. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda makaho ya shiga rumfa da mutumin da shi ya zaɓa, ba wanda jami'i ya zaɓar masa ba. Ka ga ke nan ginshiƙan biyu, a biya mai rakiya kuma mai lalura ya zaɓa, duk suna nan a tsarinmu. Sai dai ɗaya na ranar jarrabawa ne, ɗaya na ranar zaɓe. Sauran kwanakin shekara an bar wa ƙani da ƙanwa.

Ga masu cewa wannan tunanin Turawa ne, malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya sa an rubuto masa makafi da masu ciwon da ya zaunar da su, ya ba kowane makaho ɗan jagora, ya ba marasa lafiyar masu hidima, daga baitulmali. Sama da shekara 1,300 ke nan.

A takarda ma mun riga mun yi alkawari. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006, sashenta na 19 ya ce mutum yana da haƙƙin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, kuma ya ambaci mataimaki na kai da kai a cikin hidimomin da ya kamata ƙasa ta samar. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Najeriya a 2010. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024, abokina kuma har yanzu a kafaɗar mutane yake hawa bene. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta kuma haramta yawo da mai lalura don bara, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. To a nan ne na kasa gane lissafin. Ka hana bara, ka yi alkawarin aiki, amma ba ka faɗi wanda zai kai mutumin wurin aikin ba. Makahon da aka hana shi bara da jikansa, da wa zai je ofis? Kurman da aka ɗauka aiki, wa zai fassara masa taro? Shi ya sa duk lokacin da wata jiha ta yi shelar hana bara, wata uku sai ka ga an dawo bakin danja.

Bari mu taɓa kuɗi, tunda shi ne abin tsoron. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Mataimaki ɗaya a shekara ya kama 840,000. Jiha ta ɗauki mutum dubu, miliyan 840 ke nan a shekara. Kuɗi ne, ban ce ba kuɗi ba ne. Amma ku buɗe kasafin jiharku, yawancinsu suna intanet, ku duba abin da aka ware wa motocin manya da gyaran gidajen sauke baƙi, sannan ku dawo mu yi magana. Kuma ba kowa ke buƙatar mutum na yini guda ba. Abokina awa biyar a rana ta ishe shi, kwana huɗu a mako. Wata makauniya mai sayar da kaya awa biyu take so a raka ta kasuwa ta yi sari. Kuɗin kuma ba waje zai fita ba, aljihun matasa zai shiga, mu da muke kukan rashin aiki. Gwamnatin tarayya ta taɓa biyan matasa dubu ɗaruruwa naira 30,000 a wata a shirin N-Power, wasunsu ko wurin aikin ba sa leƙawa. A wannan aikin kuwa mai sa ido yana nan zaune, in ba ka zo ba shi ne zai fara sani.

Wannan shi ne ma amsata ga masu tsoron ma'aikatan bogi, kuma tsoronsu yana kan hanya, mun san halinmu. In aka ba wani kansila ko wani darakta ikon rubuta sunayen mataimaka, an gama, 'ya'yan ƙanwarsa za su cika takardar. Amma in mai lalurar ne ke tabbatar da awannin da aka yi masa kafin kuɗi ya fita, ta waya ko ta ƙungiyarsu, satar ta ƙara wuya. Kuma masu lalura a ƙasar Hausa suna da tsari tun kafin a haifi kakanninmu. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai ƙungiyoyin zamani na ɗalibai da na mata, akwai waɗanda shan inna ta shafa a Kano da suke ƙera kekuna da hannunsu suna sayarwa. Sun san junansu gida-gida fiye da kowace ma'aikata.

Hujjar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta wata 'yar ajinmu. Ta ce, "In aka fara biyan kuɗi, zumunci ya mutu. Ƙani zai ce sai an yi masa alat kafin ya tura yayansa." Na yi kwanaki ina juya maganar, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abin da na gani dai shi ne, zumuncin da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa shi ne ke fara tsagewa. Uwar da ta shekara goma sha biyar tana ɗaga ɗanta bayanta ya tafi, haƙurinta ya ƙare, wata rana sai ta faɗi kalmar da za ta yi ta nadama. Ƙanin da ya rasa karatu zai girma da abin a ransa ko bai furta ba. Da akwai mai zuwa ya karɓi nauyin awa biyar, da uwar ta koma uwa, ƙanin ya koma ƙani, su zauna su yi hira su yi faɗa kamar kowa. In kuma mai lalurar ya ce shi mahaifiyarsa yake so ko matarsa, sai a biya ta, ai aikin take yi dama. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci: kada a ɗauki yaron da ya kamata a ce yana aji.

Batun mata kuwa ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri. Budurwa mai lalura da ke buƙatar a taya ta wanka, ko a taya ta a kwanakin al'adarta, in ba ta da ikon zaɓar wadda za ta taɓa jikinta, an jefa ta cikin haɗari. Wanda ya dogara da mutum ɗaya don ci da sha da banɗaki, in wannan mutumin ya cuce shi, wa zai kai wa ƙara, kuma wa zai kai shi wurin kai ƙarar? Ikon cewa "ba na son ki, gobe kada ki zo" kariya ce da babu dokar da za ta ba ta in babu kuɗin ɗaukar wata.

Ba sai an jira Abuja ba. Jami'o'i da kwalejoji za su iya farawa a zangon karatu mai zuwa: su ƙirga ɗalibansu masu buƙata, su tambaye su awa nawa, su biya ɗalibai 'yan uwansu da suka zaɓa, masu karanta wa makafi, masu fassara wa kurame, masu turawa da ɗagawa, a koya musu yadda ake ɗaga mutum ba tare da an ji masa ciwo ba. Hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato za su iya ware wani kaso ya zama albashin wata-wata maimakon rabon buhu sau ɗaya a shekara. Mu kuma masu tara kuɗi a Facebook da X, idan za mu buɗe gidauniya ta gaba, mu fara tambayar mutumin me yake so kafin mu sayo masa abin da zai yi kyau a hoto. Zai yiwu ya ce keke. Zai yiwu kuma ya ce yana da keke biyu a ɗaki, albashin mutum ɗaya na shekara yake nema.

Na karanta wa abokina wannan rubutu kafin in tura. Gyara ɗaya ya yi min. Na rubuta cewa yana buƙatar "mai kula da shi", ya ce in goge, shi ba jariri ba ne, ma'aikaci yake nema. Jarrabawarmu za ta fara nan da mako uku, kuma biyu daga cikin takardunmu a bene aka sa. Ƙanin nasa shi ma a makon yake da tasa jarrabawar ta ƙarshen zango, kuma har jiya da muka rabu ba su yanke wanda zai haƙura ba.